Akwatin Da Yaya Ilu Ya Ƙera

Sau uku ina fara wannan babin ina yage takardar. Mustafa, Fatima, Abba, ku yi haƙuri da abin da za ku tarar a ciki, domin ba zai yi maku daɗin karantawa ba, kamar yadda bai yi mani daɗin rubutawa ba. Labarin shekarar da na fara sayar da akwatunan kwamfuta ne a shagona na Ƙofar Kaura, kuma labarin yayana ne Iliyasu, wanda kuke kira Baba Ilu, Allah Ya jiƙanshi da rahama.

Kun taso kun gan shi dattijo mai yawan shiru, mai zanen ƙuna a yatsu, wanda ke zuwa gidanmu ranar Sallah da dabino a aljihu. Abin da ba ku gani ba shi ne lokacin da mahaifinmu ya rasu ina ɗan shekara shida, shi kuwa bai cika ashirin ba. Ranar da aka share makoki ya buɗe rumfar Baba a Ƙofar Guga, ya ɗauki guduma, bai sake ajiye ta ba. Adaka yake ƙerawa, da murhun gawayi, da bokiti, da kwanon awo. Bai taɓa zama a ajin boko ba, amma shi ya kama hannuna ya kai ni. Na ji lokacin da yake ce ma Inna gidan nan guduma ɗaya ta isa, bari ɗayan ya riƙe alƙalami. Auta yake kirana, ko bayan da furfura ta fito mani. Ni kuwa alƙalamin ya kai ni aikin gwamnati, inda na fara da gyaran keken rubutu, kwamfuta ta shigo na koye ta, da na yi ritaya na buɗe shago ina gyarawa ina haɗawa.

A shekarar da nake ba ku labari, sana'ar ta sauya. Samari suka daina sayen kwamfutar da aka gama haɗawa. Mai tace bidiyon biki, da mai zanen gine-gine, da yaran nan masu wasannin kwamfuta, kowa zai zo da jerin kayan cikin da yake so, ya ce in haɗa mashi tashi daidai da aikinshi. Kayan ciki ba su ba ni wahala ba. Akwatin da za a zuba su ne ya zame mani ƙarfen ƙafa. Waɗanda ake samu a kasuwa matsattsu ne, ƙarfensu kamar gwangwanin madara. Katin hoto, wato allon da ke sarrafa hoto a cikin kwamfuta, in ya yi tsawo ba ya shiga, in kuma ka danna shi ya shiga, zafin bazarar Katsina ya taru a ciki, na'ura ta ɗauke ana tsakiyar aiki. Akwai masu kyau da nake gani a waya, irin waɗanda ake kwance kowane ɓangare a mayar, a matsar da kantar ɗora kayan ciki sama ko ƙasa, a ƙara wajen fanka, amma ba su cika isowa nan ba. Ɗaya da na yi odar shi daga Legas, ya iso a lotse kamar an zauna a kai.

A lokacin Inna na raye a gidanmu na Gobarau, kuma duk Juma'a in an sauko masallaci, ni da Yaya Ilu can muke cin abinci a kwano ɗaya. Wata Juma'a ina ta ƙorafi, na ciro waya na nuna mashi bidiyon irin akwatin da nake nufi. Ya goge hannu ya karɓa, ya kalla har sau uku. Sannan ya miƙo mani.

"Auta, ka kawo mani kayan cikin abin ga. Ko matattu ne, girmansu nake so in gani."

Na yi dariya, na ce, "Yaya, wannan fa ba adaka ba ce."

Ya ce, "Na sani. Kai dai kawo."

Na kai mashi don kada ya ce na raina shi, alhali a raina na raina ɗin. Mako biyu ban ji daga gare shi ba. Daga baya matarshi, Yaya Hajara, ta gaya mani cewa kwali ya riƙa yankawa yana jerawa a tsakar gida, yana ɗora matattun kayan a kai yana zagaye su da fensir, in bai yi mashi ba ya sake yanka wani. Ranar da ya kawo akwatin shago ya sauke shi a teburina, na daɗe ina zagaya shi. Ƙashinsa ƙarfe ne mai kauri, bangonsa kuwa falle shida, kowanne yana fita da hannu ba sai da sukurudireba ba. A ciki ya yi ginshiƙai masu jerin huji, ta yadda za ka matsar da kanta inda ka ga dama. Wajen na'urar wuta ya ware shi a ƙasa don zafinta kada ya hau sama. Gaba ya sa raga mai zarewa a wanke. Abin da ya fi ba ni mamaki, ya yi wani ƙarin hawa da ake ɗorawa a bisa in kaya sun ƙaru, a cire in ba a bukata, kuma wannan ko a bidiyon babu shi. Ya goge kowane baki da magagari har ba inda zai yanki yatsa, ya fesa baƙin fenti mai laushi. Na tambaye shi yadda ya san inda iska za ta bi. Ya ce mai yin murhu in bai san hanyar iska ba ai yunwa za ta kashe shi.

Na haɗa kwamfuta a ciki, na kunna ta tun safe har la'asar a tsakiyar bazara, ba ta ɗauke ba.

Wanda ya fara saye wani saurayi ne mai tace bidiyo. Ya shafa bangon akwatin, ya zare ya mayar, ya ce wannan daga gani ka san na waje ne, mutanenmu ina za su iya. Da na buɗe baki a lokacin na ce yayana ne ya ƙera, da wannan babin bai samu ba. Sai na yi murmushi kawai. Ya tafi ya gaya ma abokanshi Malam Sanusi ya samo wasu akwatuna daga waje, suka fara zuwa. Da na ga ƙaryar ta samu ƙafa, sai na saya mata takalmi: na je wajen masu buga sitika, na ƙirƙiro wani suna mai kama da na Turawa wanda ba ya da ma'ana a kowane harshe, na riƙa mannawa a gaban kowane akwati bayan Yaya Ilu ya kawo ya tafi.

Mahaifiyarku Rakiya ce ta fara gani, ranar da ta tarar da sitikun a aljihun rigata za ta yi wanki.

"Malam, wannan na mene ne?"

Na ce na kasuwanci ne, mutanenmu ba su daraja abin gida.

Ta ce, "Yaya Ilu ya sani?"

Na ce ina ruwanshi da sitika, shi da ba ya karanta boko.

Ta dube ni ta ce, "Ashe don ba ya karantawa ne. To wa ya sa kai kake karantawa?"

Na yi mata tsawa, na ce ta tsaya ga abin da ya shafe ta. Ta ajiye sitikun a kan gado ta fita da wankinta.

Na daɗe ina gaya ma kaina cewa don ciniki na yi. Ba gaskiya ba ne, kuma tunda na zauna rubuta gaskiya bari in ƙarasa. Tun ina makaranta yara ke ce mani ɗan maƙera, suna toshe hanci wai ina warin gawayi. Shekara talatin na yi a ofis ina wanke wannan warin da farar riga da Turanci. Da na buɗe shago ana kirana Malam Sanusi mai kwamfuta, wasu har Injiniya suke cewa ban hana su ba. Ban so a san abin da ya fi komai kyau a shagona ya fito ne daga rumfar da na yi rayuwata ina gudu.

Ranar da abin ya faru Talata ce da hantsi. Wani Injiniya Bashir, mai ofishin zanen gine-gine da ya dawo gida daga Abuja, ya zo mu ƙarasa maganar kwamfuta goma sha biyu da yake son in haɗa ma ma'aikatanshi. Yana zaune a kujerar baƙi, ga ƙamshin turare ya cika shago, ina ta bayani ina cusa Turanci. Sai na ji tsayuwar babur a ƙofa. Yaya Ilu ne, ya ɗauro akwati biyu a baya. Yawanci da yamma yake zuwa, amma ranar ya yi wani sabon gyara, ɗoki bai bar shi ya jira ba. Ya shigo da rigar aiki wadda baƙi ya rine, da takalmin roba, da akwati a rungume kamar jariri. Ya yi sallama, fuskarshi cike da fara'a.

"Auta, zo ka gani. Na sauya maƙalin fankar nan, yanzu ko ta baya kake so..."

Injiniya ya amsa sallamar, ya juyo gare ni ya ce, "Malam Sanusi, wannan bawan Allah fa?"

Na ji bakina yana cewa, "Mai ɗauko mamu kaya ne daga tasha." Sannan na juya ga mutumin da ya goya ni a bayanshi ranar da aka binne mahaifinmu, na ce, "Malam, ajiye su can lungu. An gode."

Bai motsa nan da nan ba. Idonshi ya sauka a kan akwatin da ke bisa teburina, nashi, wanda ya kawo makon jiya, da sitikata a goshinsa. Ba ya karanta boko, amma wannan bai bukaci karatu ba. Ya je lungun ya durƙusa ya ajiye akwatin a hankali, ya koma ya kwanto na biyun ya jera shi kusa da ɗan'uwansa. Ya tsaya a bakin ƙofa.

"To, Malam. A tashi lahiya."

Na ci gaba da bayanin da nake yi. Har yau ina jin muryata a wannan hantsin, yadda ba ta ko girgiza ba.

Juma'ar da ta biyo na je Gobarau ina jiran ya tona ni a gaban Inna. Na tarar da shi ya riga ni. Ya matsa mani a tabarma, ya turo kwano tsakiya, ya ce, "Bisimilla, Malam Sanusi." Inna ta ɗago kai daga carbinta.

"Yau kuma Autan ne ya zama Malam?"

Ya ce, "Ai ya girma, Inna."

Muka ci tuwon muka tashi, Yaya Ilu bai tona ni ba. Kuma duk da haka ya ƙera sha biyun nan cif, tunda na riga na gaya mashi adadin kuma ya amsa. Sai dai bai sake kawowa da kanshi ba, mai a-daidaita yake ba ya kawo.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Bayan wata guda Injiniya Bashir ya dawo shago. Ya ce ya kwance ɗaya daga cikin akwatunan ya duba, ya ga sawun magagari, ya ga lanƙwasar hannu ce ba ta inji ba. Ba faɗa ya zo yi ba, murna ma yake. Ya ce in dai a garin nan mai wannan hannun yake, yana so ya gaishe shi. Na ce ya ba ni zuwa gobe. A gida na gaya ma Rakiya komai, har da maganar tasha wadda na ɓoye mata. Ta yi salati ta zauna a bakin gado, ta ce Allah ne Ya buɗe mani ƙofa, in kai mutumin rumfar, in faɗi gaskiya a gaban Yaya Ilu kamar yadda na yi ƙaryar a gabanshi. Na yi mata alkawari, kuma wallahi da niyyar cikawa na fita.

Muka isa Ƙofar Guga bayan azahar. Yaya Ilu na zaune a kan gungumenshi yana bugun murfin adaka. Ya tashi ya tarbe mu, ya kakkaɓe benci, aka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi Injiniya iyali da aiki da gajiya kamar bai taɓa ganinshi ba. Injiniya kuwa ya gane shi. Ya dube shi, ya dube ni.

"Ashe ba kai ne ka kawo kaya shago rannan ba?"

Na buɗe baki zan yi magana. Yaya Ilu ya riga ni.

"Ni ne, ranka ya daɗe. Ƙanena ne, ciki ɗaya. Wasa ne ke tsakaninmu, haka muke tun muna yara. Akwatin kuwa shi ya zana, shi ya auna. Ni bugu kawai nake yi. Basirar tashi ce."

Ga wuri, ga lokaci, ga mutum biyu suna kallona. Kalma huɗu ko biyar suka rage in faɗa. Amma ya shimfiɗa mani tabarmar kunya, ni kuwa na kwanta a kai. Injiniya ya kama hannuna da hannu biyu yana jijjigawa, yana cewa irinmu ƙasar nan ke bukata. Daga bakinshi labarin ya bazu cewa ni na ƙirƙiro akwatin, kuma daga nan ya iso kunnenku. Ƙaryar farko ta mutu a rumfar nan, ta biyu ta tashi a wurinta, kuma ta fi ta farkon muni, domin a ta farko ɓoye shi na yi, a ta biyu kuwa na sa rigarshi.

Da Injiniya ya nufi mota, Yaya Ilu ya ce in tsaya. Ya shiga cikin rumfa ya fito da kwalayen awon nan, an ɗaure su da igiya, ya ɗora mani a hannu.

"Ba don kai na yi ba. Inna na raye. Ba zan bari ta ji cewa ɗiyanta biyu ɗaya ya ƙi ɗaya a gaban baƙo ba. Ga awon nan, ka nemi wani ya ci gaba. Ni idona ya fara rauni."

Idonshi lafiya lau yake, ya ƙara shekaru yana zura zare a allura. Na kai kwalayen wajen masu walda har uku. Awo ɗaya, ƙarfe ɗaya, amma akwatin ya ƙi. Wani bango ya cije, wani ya riƙa kaɗawa in fanka ta tashi, wani ya yanki yatsan mai saye. Kafin shekara ta zagayo na daina, na ce ma mutane ƙarfe ne ya yi tsada. Akwatin ya ƙare, sunan da na samu a kansa ya zauna.

Shekara shida ya yi bayan wannan. Bai taɓa fasa zumunci ba. Shi ya yi waliccin aurenki, Fatima. Shi ya wuni a asibiti ranar da Abba ya karye a ƙwallo. Duk Juma'a nakan fita da maganar a bakina in dawo da ita, in ce sai mako mai zuwa. Inna ta rasu ba ta ji komai ba, kamar yadda ya so. Da ciwon ajali ya kama shi, na je wata la'asar na tarar da shi shi kaɗai a ɗaki, ya rame har zoben azurfarshi na juyawa a yatsa. Na durƙusa na ce, Yaya, ka yafe mani. Bai tambaye ni laifin me ba.

"Na yafe maka tun kafin in tada babur rannan. Yafiya tawa ce, na bayar. Gaskiyar kuwa a hannunka take, ba ni zan faɗa maka ita ba."

Kwana tara bayan nan muka kai shi makwancinshi. Na yi kuka har mutane suna cewa dubi yadda yake son ɗan'uwanshi, kuma ko a nan ban faɗa ba.

Bara, Mustafa, ranar da ka buɗe naka shagon aka taru aka yi addu'a, ka tuna wani abokina ya tashi ya ce gado ka yi, domin mahaifinka ne ya fara ƙera akwatin kwamfuta mai kwancewa a garin nan. Ka juyo ka dube ni kana murmushi, ƙirjinka a buɗe. Na sunkuyar da kai irin na mai tawali'u. Matan da suka kawo abinci suna daga ciki suna ji, kuma Yaya Hajara na cikinsu.

Washegari da safe ta aiko in zo. Na tarar da ita a tsakar gida, gabanta wani abu lulluɓe da tsohon zane. Muka gaisa, ba ta tsawaita ba. Ta yaye zanen. Akwati ne, irin nashi, amma ban taɓa ganin wannan ba. Ya fi na baya ƙanƙanta da tsafta, bangonsa na zamewa a kan layi ba ƙara, har da hannun ɗauka da ke kwanciya ya ɓace a jiki. Ta ce bayan ya ba ni kwalayen bai daina ba, shekara biyu ya yi yana taɓa wannan in ya samu sarari, ya gama ya tura ƙarƙashin gado.

"Ya ce in ba ka ranar da ka faɗi gaskiya. Na jira, Sanusi. Jiya na ji abin da aka ce, na kuma ji shirunka. Ni ma tsufa ya zo mani, kuma na ga alamar mutuwata za ta riga gaskiyarka. Ba zan tafi da amanar mutum a ƙarƙashin gadona ba. Ɗauki."

Na ce mata ban cika sharaɗin ba.

Ta ce, "Na sani. Ɗauki dai."

Na rungumo shi na fito, na bi lungun da ƙafa har bakin titi. Yana nan a ɗakina bisa tebur, babu komai a cikinsa, kuma ba zan sa ba sai kun gama karanta wannan. Ban zana ba, ban auna ba, ban ba da shawarar huji ko ɗaya ba. Dariya ma na yi mashi ranar da ya ce zai gwada. Iliyasu maƙeri na Ƙofar Guga ne ya yi shi tun daga kwali har fenti. Mustafa, Juma'a mai zuwa in an sauko masallaci ka zo ka ɗauke ni mu je gidan abokin nan nawa, daga can mu wuce ofishin Injiniya Bashir. Ina so kana tsaye a wurin lokacin da zan faɗa masu.